Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Rikita Ɗakin Kula Da Shafin Intanet Bayan An Sabunta WordPress?

A wannan fili ne muke buga amsoshin da aka bayar ta rediyo, domin wanda bai sami damar saurare ba, da wanda ya saurara amma yana son ya ajiye takarda ya riƙa dubawa. A wannan mako tambaya guda za mu ɗauka, saboda takardu da dama sun iso a kanta, akasarinsu daga 'yan kasuwar hatsi da sakatarorin ƙungiyoyin manoma waɗanda suka biya kuɗi aka buɗe musu shafin intanet don tallan kayansu. Kukan nasu kusan iri ɗaya ne. Wai an kwana shafi lafiya lau, gari ya waye sun zo za su canja farashin masara ko su duba wanda ya yi odar kaya, sai allo ya fito fari fat, ko wani rubutun Turanci ya tare ƙofa, ko kuwa a shiga ɗin amma duk abin da aka latsa ya ƙi motsi. Da suka bincika sai aka ce musu ai manhajar WordPress ce aka sabunta. Shi ne suke tambaya, shin kayansu sun salwanta ke nan? Sai an sake gina sabo?

To Malam, kafin komai ka kwantar da hankalinka. A mafi yawan lokuta babu abin da ya salwanta. Sabon abu ne ya shigo ya tarar da tsoho, suka kasa jituwa, ƙofa ta cije. Gyaran kuwa haƙuri yake so, a taɓa abu ɗaya a duba, kana a taɓa na gaba.

YADDA SHAFIN YAKE A HAƊE

Ita WordPress manhaja ce ta kyauta da ake gina shafukan intanet da ita. Mutum biyu ne suka fara ta cikin shekarar 2003, watau Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila. Ƙididdigar W3Techs ta 2024 ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su, saboda haka in wani ya gina maka shafi, da wuya ba ita ce a ciki ba.

Shafin kamar kanti yake. Akwai gaba, inda mai saye yake ganin kaya da farashi. Akwai kuma ciki, inda kai mai kanti kake shiga da kalmar sirri ka jera kaya, ka rubuta, ka goge. Wannan cikin shi ne ɗakin kula da shafi, wanda masu aikin ke ce wa dashbod, kuma ana shigarsa ne in an rubuta sunan shafin aka ƙara wp-admin a ƙarshe.

Abu huɗu ne suka haɗu suka ta da kantin nan. Na farko WordPress ɗin kanta. Na biyu rigar shafi, watau launi da fasalin da mai ziyara yake gani. Na uku wasu 'yan ƙananan manhajoji na ƙari da ake kira fulogin, kowanne da aikinsa, wani na karɓar oda kamar WooCommerce, wani na aika saƙo, wani na tsaro. Na huɗu rumbun bayanai, inda rubuce-rubucenka da farashi da sunayen masu oda suke a ajiye. Dukkansu suna zaune ne a kan babbar kwamfutar kamfanin da kake biya kuɗin hayar wuri, kuma wannan kwamfuta da wani harshe mai suna PHP take karanta su.

Abin lura a nan, masu rubuta WordPress daban, masu ɗinka riga daban, masu rubuta fulogin daban, kowa yana garinsu, kowa da lokacinsa. In WordPress ta yi gaba, mai fulogin bai gyara nasa ya bi ta ba, sai a sami saɓani. Dubi injin niƙa. In ka sa sabon inji ka bar tsohon bel, yana yiwuwa bel ɗin ya ƙi hawa, niƙa ya tsaya cik. Amma hatsin da ke cikin buhu fa? Yana nan yadda ka ajiye shi. To rumbun bayananka da hotunanka su ne hatsin.

Wasu sun rubuto suna rantsuwa ba su taɓa komai ba. Gaskiyarsu. Tun fitowa ta 3.7 cikin Oktoban 2013 WordPress take yi wa kanta ƙananan gyare-gyare ba tare da an latsa komai ba, kuma daga fitowa ta 5.6 cikin Disamban 2020 sababbin shafuka har manyan sabuntawa suke karɓa da kansu, sai fa in an hana. Daɗin daɗawa, kamfanin hayar wuri shi ma yakan sabunta nasa ɓangaren cikin dare kana barci.

ABIN DA YA FARU A 2020

Ga misalin da ya faru a zahiri. Ran 11 ga watan Agustan 2020 aka fito da WordPress 5.5, kuma a cikinta aka daina amfani da wani ɗan ƙaramin abu mai suna jQuery Migrate. Aikinsa kamar na tafinta ne, yana karɓar umurnin da aka rubuta da tsohon salo ya mai da shi yadda sabon tsari zai gane. Da aka janye tafinta, sai tsofaffin fulogin da riguna suka wayi gari ba mai jin yarensu. Shafuka masu yawan gaske suka shiga matsala, maɓallin sa hoto ya ƙi buɗewa, wurin rubutu ya sandare, jerin zaɓi ya ƙi saukowa. Maganin da masu WordPress suka fitar shi ne wani fulogin mai suna Enable jQuery Migrate Helper, wanda yake dawo da tafintan na ɗan lokaci, yana kuma nuna wane fulogin ne yake magana da tsohon yare domin a sabunta shi ko a sauya shi. Rubutu da hotunan waɗannan shafuka duk suna nan, hanyar kai wa gare su ce ta toshe.

Akwai kuma abin da ba lalacewa ba ne sam. Cikin Disamban 2018 fitowa ta 5.0 ta zo da sabon wurin rubutu da ake kira Gutenberg, mutane da yawa suka shiga suka ga ba su gane ɗakin ba, suka ɗauka ya lalace. Sauyi ne kawai, kuma mai son tsohon fasali yana iya sa fulogin mai suna Classic Editor.

MATAKAN GYARA, DAGA MAI SAUƘI ZUWA MAI WUYA

Na farko, tabbatar laifin na shafin ne. Burauzar da kake shiga intanet da ita, irin su Chrome, takan ajiye tsofaffin gutsattsarin shafi don ta rage maka cin data. Bayan an sabunta, sai ta haɗa tsoho da sabo, ɗakin ya fito a hargitse. Gwada shiga da wata wayar, ko ka goge ajiyar burauzar, in kuwa kwamfuta ce mai Windows ka danna Ctrl da F5 tare. Har ila yau duba ko kuɗin hayar wuri ko na sunan shafi ne ya ƙare, domin wannan ma yana rufe kanti, kuma ba ruwansa da sabuntawa.

Na biyu, in rubutun da ya fito yana cewa an rufe shafin na ɗan lokaci ana gyara, a dawo nan da minti ɗaya, to ka ba shi minti 10. Duk lokacin da WordPress za ta sabunta, takan ajiye wani ɗan fayil mai suna .maintenance, kamar yadda mai kanti yake karo ƙofa in yana lissafi, in ta gama sai ta ɗauke shi. In aiki ya yanke a tsakiya, fayil ɗin yakan zauna, amma bisa ƙa'ida bayan minti 10 WordPress takan daina kula shi. In har ya wuce haka ƙofa tana rufe, sai a shiga ta wajen kamfanin hayar wuri a goge shi. Galibinsu suna ba da wata ƙofa mai suna cPanel, a cikinta akwai File Manager, inda za ka ga foldar public_html. Fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo a ɓoye yake, sai ka zaɓi a nuna ɓoyayyu kafin ka gan shi. In ka goge, ka koma ka sake sabuntawar, domin mai yiwuwa ba ta kammala ba.

Na uku, in allo ya ce an sami babbar matsala a shafin, ko ya fito fari babu komai, ko ya nuna lamba 500, to maza duba akwatin imel. Tun fitowa ta 5.2 cikin Mayun 2019, in wani fulogin ko riga ya kayar da shafi, WordPress takan aika wasiƙa ga adireshin mai kula da shafin. A ciki takan faɗi sunan mai laifin, ta kuma ba da wata hanya ta musamman da za a latsa a shiga ɗakin, alhali an dakatar da abin da ya kawo rikicin. In ka shiga, sai ka sabunta shi in akwai sabo, in babu ka kashe shi. Wannan hanya kwana ɗaya take yi ta mutu, kuma sau da yawa wasiƙar takan faɗa akwatin tarkace, don haka ka duba can ma.

Amma fa a yi hattara. Cikin Disamban 2023 'yan damfara sun bazu da wasiƙun ƙarya da sunan masu tsaron WordPress, suna cewa an gano wata kafa a shafinka, ka sauke wani fulogin ka toshe ta. Wanda ya sa shi, ya buɗe musu ƙofar baya ke nan. Wasiƙar gaskiya daga shafinka take fitowa, hanyar da ke cikinta da sunan shafinka take farawa, kuma ba za ta ce ka sauke komai daga wani wuri ba.

Na huɗu, in wasiƙa ba ta zo ba, sai a kashe fulogin duka daga waje. Koma File Manager, ka buɗe public_html, ka shiga wp-content, za ka ga folda mai suna plugins. Kada ka goge ta. Sauya mata suna kurum, alal misali ka ƙara mata lamba 1 a ƙarshe. WordPress za ta neme su ta rasa, sai ta tashi ba tare da su ba. In ɗakin ya buɗe, ka tabbata ɓarawon a cikinsu yake. Daga nan sai ka shiga wurin da ake jera fulogin a cikin ɗakin, domin a nan ne WordPress za ta rubuta cewa duk a kashe suke. Wannan mataki mutane da yawa suke tsallakewa, su mayar da suna, rikici ya dawo sabo. Bayan ka yi haka, mayar wa foldar sunanta na asali, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, kana dubawa. Wanda ka kunna allo ya sake ɗaukewa, shi ne. In shi kaɗai kake son kashewa, foldarsa kaɗai za ka sauya wa suna. Kashe fulogin ba ya goge odar da aka yi maka, suna cikin rumbu, ranar da ka kunna za ka same su.

Na biyar, in an kashe fulogin duka ba a ga sauyi ba, sai a juya kan riga. A cikin wp-content ɗin dai akwai foldar themes. Sauya sunan foldar rigar da shafin ke sanye da ita, WordPress za ta koma ɗaya daga cikin rigunanta na asali, irin su Twenty Twenty-Four, muddin akwai ta a ajiye. Gaban kanti zai sauya kama, kada wannan ya tsorata ka, gwaji ne kawai.

Na shida, in har yanzu shiru, sai a sa shafin ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Wannan ya fi kyau wanda ya ɗan san aikin ya yi. A cikin fayil mai suna wp-config.php ake kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG, a bar WP_DEBUG_DISPLAY a kashe domin kada masu ziyara su ga asirin gida. Daga nan duk kuskuren da ya auku za a rubuta shi a fayil mai suna debug.log cikin wp-content. Ko ba ka jin Turanci sosai, duba layin ƙarshe, za ka ga sunan foldar da rikicin ya fito. In an gama a kashe, a goge fayil ɗin.

Na bakwai, tuntuɓi kamfanin hayar wuri ka tambaye su abu biyu. Ɗaya, wane PHP shafinka yake kai, kuma ko sun sauya shi kwanan nan? PHP 8.0 da ya fito cikin Nuwamban 2020 ya watsar da wasu tsofaffin umurni, saboda haka fulogin da aka daɗe ba a taɓa ba yana iya faɗuwa a kansa. Ta ɗaya gefen kuma, WordPress 6.6 ta Yulin 2024 ta daina karɓar PHP 7.0 da 7.1. Watau tsufa da yawa matsala ne, gudu da yawa ma matsala ne, kuma kamfanin yana iya ɗaga shi ko ya sauke shi cikin 'yan mintoci. Biyu, ko wurin aikin da suka ware wa shafinka ne ya yi kaɗan? Kanti mai fulogin da yawa yakan cinye rabonsa ya tsaya, su kuma suna iya ƙarawa.

Na takwas, in sabuntawar ce ta sauka rabi da rabi, sai a sake zuba WordPress ɗin kanta. In ana iya shiga ɗakin, a wurin sabuntawa akwai maɓallin sake sakawa, kuma ba ya taɓa rubutunka. In ba a iya shiga, mai gyara zai sauko da sabon kwafi daga wordpress.org ya maye gurbin foldar wp-admin da ta wp-includes da sauran fayilolin WordPress da ke babbar foldar shafin, ban da wp-config.php da foldar wp-content. In kuma ka shiga ka tarar ana neman izninka a sabunta rumbun bayanai, wannan ba matsala ba ce, ka amince, ɗan gyaran jeri ne.

ABIN DA BA A TAƁAWA

Abu uku ne in an goge su aka yi asara ta gaske: rumbun bayanai, da foldar wp-content inda hotunanka suke, da fayil ɗin wp-config.php mai riƙe da mabuɗin rumbun. Duk mai gyaran da ya ce sai an share komai an faro daga tushe, ka ce masa ya dakata, ya fara nuna maka ya bi matakan nan, ya kuma ba ka kwafin waɗannan uku a hannunka tukuna. Wani rashin sani ne, wani kuwa kuɗin sabon gini yake hange.

Kada kuma zafin abin ya sa ka ce daga yau ka daina sabuntawa. Yawancin gyare-gyaren nan kafofin da ɓarayi ke shiga ake toshewa da su, kuma shafin da aka bari shekara da shekaru ba a taɓa ba shi ne abincinsu. In an koma tsohuwar fitowa don a samu a buɗe kanti, to na 'yan kwanaki ne, kafin a gano mai laifi.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kafin kowace sabuntawa a ɗauki kwafin ko-ta-kwana, na fayiloli da na rumbun bayanai duka biyu, a ajiye shi wani wuri daban da kwamfutar kamfanin. Mai kwafi, in abu ya ɓaci, mayarwa kawai zai yi. Gaskiya ne WordPress ta ƙara dabara, domin daga fitowa ta 6.3 cikin Agustan 2023 in sabunta fulogin ko riga ya gaza takan mayar da tsohon, kuma ta 6.6 ta faɗaɗa wannan ga fulogin masu sabunta kansu. Amma wannan bai ɗauke maka ajiye kwafi ba.

Zaɓi lokaci. Kada ka sabunta ana jajibirin kasuwa, ko tsakiyar kaka lokacin da oda ke shigowa. Nemi ranar da ciniki ya lafa, da wurin da layi yake da ƙarfi, da waya mai caji. Fara da fulogin da riga, ɗaya bayan ɗaya kana dubawa, kana ka zo kan WordPress. Fulogin da ba ka amfani da shi ka cire shi, domin kowanne ƙarin bel ne da zai iya tsinkewa. Ka kuma tambayi wanda ya gina maka shafi, rigar nan da fulogin na kuɗi, saye aka yi ko na sata aka kwaso? Na sata ba ya samun sabuntawa daga masu shi, saboda haka shi ne kan gaba wajen faɗuwa, wani ma da ƙofar ɓarayi a cikinsa yake zuwa.

Sai babbar magana, wadda ta fi duk waɗannan. Da yawa daga cikin masu tambayar nan ba su ga wasiƙar ceto ba, saboda adireshin imel ɗin da ke kan shafin na yaron da ya gina shi ne, shi kuwa ya tafi makaranta ko ya sauya lamba. Alhaji, ba ka barin mabuɗin sito a hannun maginin da ya gama aiki ya tafi. Tun yau, shafi yana lafiya, ka sa a mayar da adireshin mai kula ya zama naka ko na ƙungiya. Ka karɓi kalmar sirrin ɗakin kula, da ta kamfanin hayar wuri, da ta wurin da aka yi rajistar sunan shafin, ka rubuta su a littafi ka adana tare da takardun gona. In ƙungiya ce, shugaba da sakatare su san inda suke. Mai waɗannan mabuɗai uku, ko shi bai iya gyara ba, duk wanda ya kira zai iya yi masa, kuma ba mai riƙe shi da tsada.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ya bi matakan nan abin bai warware ba, ya sake rubuto mana, ya kwafo rubutun da ya gani a allo harafi da harafi, ya faɗi lambar WordPress da ta PHP ɗinsa, amma kada ya aiko da kalmar sirri, ko mu ba ma buƙatarta. Allah Ya ba da kasuwa, Ya sa a girbe lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.